Layin Tuntuɓe

Shafi na 14

Assalamu alaikum, masu bibiya. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce in ban kawo yau ba za ta biyo ni gida ta karɓa da kanta. Allah ya huci zuciyarki, ga shi nan. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muke: Baba ya rasu wata takwas da suka wuce, 'ya'yansa sun shirya sayar da gidan gado da kansu ba tare da dillali ba, Auta kuma ta kafe sai lauya ta duba takardu kafin a miƙa makulli.

*

Da hantsin Asabar Lauya ta yi sallama.

A ofis Auta ta san ta, bayan babban tebur, da tabarau a karan hanci. Yau kuwa sai ga ta da takalmin roba, jaka a kafaɗa, a hannunta tef ɗin awo irin na magina.

Yaya na zaune a kujerar Baba ƙarƙashin rumfa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tun bayan rasuwa kujerar ta zama tasa, ba wanda ya ba shi, ba kuma wanda ya hana shi. Ya dubi tef ɗin, ya dubi ƙanwarsa.

"Auta, lauya kika ce za ki kawo mana ko birkila?"

Lauya ta yi murmushi. "Duka biyun ne, Malam. Amma ladan mutum ɗaya za ku biya."

"Ai ni ban ce zan biya ba. Mun guje wa dillali don kar a ci la'ada a gumin ubanmu, ƙanwata ta je ta jajibo mana lauya. An gudu ba a tsira ba."

"Dillali mai saye yake nemowa, ku kuwa kun samu naku da kanku, Allah ya sa albarka. Ni nawa aikin ɗaya ne. In tabbatar abin da za ku sayar naku ne, in rubuta shi yadda ba wanda zai yi kuka gobe."

"Namu ne mana. A ɗakin can aka haife ni."

"Ni ma a asibiti aka haife ni, Malam, amma har yau ba su ba ni takardarsa ba."

Auta ta sunkuyar da kai don kar Yaya ya ga dariyarta. Shi kuwa ya ja tsaki ya hau latsa waya.

Mai sayen gidan abokin cinikin Yaya ne, wani mai sayar da tayoyi da shagonsa ke kallon nasa. Abin da ya ja ra'ayinsa shi ne gidan baki biyu gare shi: babbar ƙofa a kan titi, da wata 'yar ƙofa a baya da ke fita lungu. Sito yake so ya yi, mota ta sauke kaya ta baya, masu saye su shigo ta gaba.

A can bayan ne Gwaggo take, ƙanwar Baba. Ɗaki biyu, ɗan madafi, da bishiyar lemun tsami guda. Tun Auta ba ta san kanta ba a nan take ganinta. An riga an yanke cewa in an sayar, za ta koma gidan Yaya, ɗakin bakin get inda janareto ke kwana, a fitar da shi a yi fenti. Auta ma ta yarda da hakan. Har labule ta sayo, mai ruwan toka da furanni. Da ta kai wa Gwaggo, tsohuwar ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi albarka."

Abu guda ya ɗan sanyaya wa Auta rai a duk wannan hidima. Ranar Laraba da safe, tana saurin tafiya aiki, Yaya ya miƙa mata takardun amincewar magada, ya yi alama da fensir a duk inda za a sa hannu. Ya ce, "Ki kai wa Gwaggo ita ma ta dangwala, kar ta ji kamar an ware ta." Auta ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce ashe dai Yaya na da tausayi.

Yanzu Gwaggon na zaune a 'yar kujerarta bakin ɗaki, tana ninke zannuwa tana jerawa cikin kwali. Lauya ta nufe ta don ta gaishe ta. Ba ta kai rabin tsakar gidan ba sai aka ji ƙwas! Saura ƙiris ta kifa, Auta ta taro ta.

Yaya ya kece da dariya. "Yauwa! Yanzu kin zama 'yar gida. Duk wanda bai bar fatar yatsa a nan ba, baƙo ne."

Lauya ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon ƙasa.

Wani layi ne na dutse da siminti, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, tudunsa kamar yatsa biyu, ya ratsa tsakar gidan daga wannan bango zuwa wancan. Layin tuntuɓe suke ce masa. Kowa a gidan yana da tabonsa a babban yatsa. Sau nawa Yaya ya ɗauko kurfi zai fasa shi, Baba ya hana. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ku riƙa ɗaga ƙafa."

"Wannan fa?" in ji Lauya.

"Kuskuren magini ne," in ji Yaya. "Tun muna yara yake nan."

Lauya ta tsallaka, ta durƙusa ta gaida Gwaggo da kyau, har da tambayar ƙafa da baya. Sannan ta dawo ta miƙa wa Auta gidan tef ɗin, ita ta riƙe bakinsa.

"Zan riƙe nan a jikin bangon titi. Ki yi ta ja, sai na ce ki tsaya."

Auta ta ja. Ta wuce ɗakin Baba, ta wuce rumfa, ta wuce famfo.

"Tsaya. Karanta min abin da tef ya ce."

"Ƙafa sittin."

"Takardar mahaifinku da kika kawo min, tsawon fili nawa ta ce?"

"Sittin."

"Dubi ƙafarki."

Auta ta duba. Babban yatsanta, mai tabon nan, yana kan layin daidai, kamar an auna an ajiye.

"Daga ƙofar titi zuwa yatsanki," in ji Lauya a hankali, "nan ne gidan mahaifinku."

 

Yaya ya sauke ƙafarsa. "Tef ɗin naki jabu ne."

"Zai yiwu. Kawo naka."

"Mutanen da ai da igiya suke awo. Wa ya san ƙafar wa suka auna?"

"Shi ya sa ban tsaya a kan tef ba. Ranar Alhamis a ofishin filaye na wuni, har sai da suka gaji da ganina suka buɗe min tsofaffin fayil. Fayil biyu ne, Malam. Lamba biyu, suna biyu. Na gaba na mahaifinku. Na baya," ta juya ta dubi tsohuwar da ke ninke zani, "na Mama ne. Ita ta saya, shekara huɗu kafin shi ma ya sayi nasa. Wannan layin ba kuskuren magini ba ne. Gindin katanga ne."

Auta ta saki tef ɗin, ya zuge da gudu ya koma gidansa da ƙara.

Wani abu ya faɗo mata a rai, abin da suka mayar abin dariya tun suna yara. Gwaggo ba ta taɓa tsallake layin nan ba sai ta tsaya ta ce, "Salamu alaikum." Ko gishiri za ta karɓa, ko sau goma ne a wuni. Baba ma in zai je wajenta, a nan yake tsayawa ya yi gyaran murya ya yi sallama, ya jira a amsa. Su kuwa su yi ta kwaikwayonsu suna ƙyalƙyala dariya, suna cewa tsufa ne.

Ashe gidan wani suke shiga.

"Gwaggo," in ji Auta, "gaskiya ne?"

Gwaggo ta ɗora zanin da ke hannunta cikin kwali, ta danna shi ya kwanta.

"Shekara goma sha ɗaya ina girki a makarantar kwana," ta ce. "Hayaƙin da ya cinye min ido, shi ya sayi filin nan."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

"Katangar fa? Wa ya rushe ta?"

Tsohuwar ta dube ta, irin kallon da take mata in zazzaɓi ya kama ta tana ƙarama.

"Kwananki arba'in a duniya uwarki ta koma ga Allah. Ina jin kukanki ta bayan katanga. Kafin in fita lungu, in zagayo titi, in buga ƙofa a buɗe min, kin shiɗe don kuka. Rana ta uku ubanki ya aro guduma. Magini ya ce a tone har tushe a shafe wurin. Ubanki ya ce a'a, a bar gindin, don yara in sun girma su san inda haƙƙin wani ya fara."

"Amma bai faɗa mana ba."

"Ya ɗauka za ku gane."

Lauya ta girgiza kai. "Allah ya jiƙansa. Dutse shaida ne, amma bebe ne."

Auta ta juya wajen Yaya, tana jiran ta ga mamaki a fuskarsa irin wanda ke tata. Ba ta gani ba. Bango yake kallo, yana kaɗa makullin mota a yatsa.



"Yaya."

Bai waigo ba.

"Yaya, shekararka sha ɗaya lokacin. Kana da wayo."

"To sai me?"

"Ka sani?"

"Ni na kwashe ɓaraguzan katangar da kwanon siminti a kaina, ke kina kwance kina tsala ihu. Eh, na sani. Takardarta ma na gani a akwatin Baba, ta ba shi ajiya saboda gara. Sai aka yi yaya?"

"Ka sani, ka bar ni na sayo mata labule?"

"Ke, kar ki ɗaga min murya a gidan ubana!"

"A wane ɓangaren kake zaune tukuna, mu ji ko gidan ubanka ne!"

Ya miƙe tsaye, kujerar Baba ta yi baya ta bugi ginshiƙin rumfa.

"Ke kin san wahalar da na sha? Kuka ce ba kwa son dillali, kuka naɗe hannu kuka bar ni da aiki. Wata shida ina yawo da hoton gidan nan a waya kamar mai tallan magani. Wannan ya ce lungu ya matse, wancan ya ce rufi ya tsufa, wani ya zo ya sha ruwanmu ya tafi ko tayi babu. Mutum ɗaya ya tsaya, shi kuma ya ce ƙofar baya yake so. Ko duka, ko ya fasa. In ce masa me? In ce masa rabin na wata tsohuwa ne?"

"Wata tsohuwa, Yaya?"

"Shekara talatin da biyu, wa ya sake mata rufi sau uku? Wa yake kai ta asibiti? Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Gobe in ta Allah ta kasance, wa zai gaje ta in ba mu ba? Abin da zai zo ne kawai na gaggauto!"

Maganar ta fita kafin ya kama ta.

Gwaggo ta ɗago kai.

"Ashe jirana ake yi," ta ce wa Yaya. "Da ka faɗa min, Babba, ai da na yi sauri."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Lauya ta shiga tsakani da murya mai sanyi, irin ta wanda ya saba ganin 'yan uwa a wannan hali.

"Kowa ya zauna. Ba abin da ya ɓaci tukuna. Gaban gidan naku ne, ku sayar wa wanda kuka ga dama, ni zan rubuta muku yarjejeniya mai kyau, da awo, da iyaka. Bayan kuwa na mai shi ne. Ba mai fitar da Mama daga ɗakinta, muddin ba ta sa hannu a wata takarda ba."



Lauya ta dubi Yaya. Ta dubi Gwaggo. Sannan ta dubi Auta, wadda hannunta ya tafi bakinta da kansa.

"Mene ne?"

"Ranar Laraba," in ji Auta, da ƙyar. "Takardun magada. Ta dangwala."

"Mama ba ta cikin magadan mahaifinku. Me za ta dangwala?"

"Yaya ya ce... don kar ta ji an ware ta."

"Kin karanta?"

Auta ba ta karanta duka ba. Ita da ke aiki a ɗakin gwajin jini, ita da ba ta huda hannun mutum sai ta karanta sunansa a jikin kwalba sau biyu, ta kuma sa shi ya faɗa da bakinsa. Shafi biyar ne. Ta karanta na farko a tsaye, jaka a kafaɗa, ta ga sunayensu, ta ce ai sauran ma haka suke. Inda ta ga fensir ta bi.

"Akwai kwafi?"

Ta tuna ta ɗauki hotonsu don ta tura wa sauran yayyenta biyu da ke nesa. Ta ciro waya, ta wuce na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar ta tsaya ta buɗa shi.

Gajeren rubutu ne. Cewa mai wannan yatsa ta ba da filinta mai lamba kaza, da duk ginin da ke kansa, kyauta ga 'ya'yan ɗan'uwanta, da hankalinta, ba tilas. A ƙasa ga shuɗin zanen yatsan Gwaggo, ya ɗan karkace, don Auta na sauri lokacin da ta danna shi.

A gefensa an rubuta: Shaida.

A ƙarƙashin wannan kalma, sa hannunta ne. Nata, da 'yar lanƙwasar nan da take yi a ƙarshe.

Ta zauna daɓas a kan layin.

"Da hannuna, Yaya? Duk hannayen da ke duniya, sai nawa?"

"Ba wanda ya rufe miki ido," ya ce, amma bai dube ta ba. "Ke ce 'yar boko."

Lauya ta karɓi wayar ta karanta sau biyu. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Kyautar da aka karɓa da dabara ana warware ta," ta ce. "Ba yau aka fara ba. Mama, ki kwantar da hankalinki. Za ki faɗa wa alƙali gaskiya, cewa ba ki san abin da ke cikin takardar ba, aka ce miki..."

"Na sani."

Lauya ta tsaya cak. "Na'am?"

"Na san abin da ke ciki, 'yar nan. Ba zan yi ƙarya da furfurata ba."

Auta ta ɗago jajayen idanu. "Gwaggo, ai ba kya karatun boko."

"Ba na yi. Shi ya karanta min. Ranar Talata bayan la'asar ya zo ya tsuguna a nan, ya karanta min tas, bai ɓoye komai ba, wannan kam zan shaide shi. Na ce masa a'a. Na ce, Babba, ka bar ni in mutu a inda na san hanyar banɗaki ko ido rufe. Ya naɗe takardarsa ya tafi."

"To me ya sa..."

"Da safe sai ga ki."

Gwaggo ta gyara bakin kwalin da ba abin da ya same shi.

"Kika shigo da tawada a hannu, kina dariya. Kika ce, Gwaggo, kawo yatsa, ke ma an sa da ke. Na ga takardar, na gane ta, ga inda ya ninke ta jiya. Na dubi fuskarki na ga farin ciki. Na ce to, ashe ita ma abin da take so ke nan."

"Wallahi ban sani ba! Gwaggo, wallahi..."

"Ga labule kin kawo tun wancan makon. Me zan ce? Wadda aka fasa wa katanga, in ta zo da kanta ta ce a ba ta ɗakin, ai magana ta ƙare. Shi na iya ce masa a'a." Ta dubi Yaya, ba fushi a idonta, abin da ya fi fushin ciwo ke nan. "Ya san haka. Shi ya sa ya turo ki."

Kukan da Auta ke riƙewa ya ƙwace. Ta rarrafa za ta kama ƙafar tsohuwar, Gwaggo ta janye ƙafar a hankali, ba da ƙarfi ba, ta mayar ƙarƙashin kujera.

"Tashi, ƙasa da sanyi."

Lauya ta riga ta zauna a bakin famfo, ta ɗora jaka a gwiwa, tana rubutu da sauri a farar takarda. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ina ainihin takardar take yanzu?"

"Tana inda ya kamata."

"Wajen mai saye?"

"Mun riga mun tafa. Ni ba ƙaramin mutum ba ne, ba na magana biyu."

"Kun tafa ba yarjejeniya, ba awo, ba shaidu? Me kuma ka ba shi?"

Yaya ya dubi agogon hannunsa. Wannan kallon agogon ne ya sa Lauya ta ɗago.

"Malam. Me kuma ka ba shi?"

"Makullin ƙofar baya. Ya ce zai faɗaɗa ta, mota ba ta shiga."

"Yaushe?"

Daga lungu aka ji tsayuwar mota, da muryoyin maza, da ƙarar ƙarafa ana zubarwa a ƙasa. Wani ya ce, "Nan ne? Daga ina za mu fara?" Wani ya amsa, "Daga jikin ɗakin nan, ai duk sauka zai yi."

Dum!

Ƙasa ta amsa har ƙarƙashin Auta. Lemun tsami biyu suka faɗo daga bishiya suka gangara.

Lauya ta miƙe, takarda a hannu ɗaya, biro a ɗaya.

"Auta, saurare ni da kyau, ba lokaci. Zan iya fita yanzu in tsayar da su, in gaya wa mai saye filin nan akwai rigima a kansa, Litinin kuma in shigar da ƙara. Amma Mama ta ce ta sani, kuma ba za ta canza ba. Abin da ya rage min ke ce. Ke ce shaida. Na rubuta abin da kika faɗa da bakinki: abin da aka ce miki takardar ta ƙunsa, da abin da kika ce wa Mama, da cewa ba ki karanta ba. In kin sa hannu, za ki maimaita shi gaban alƙali, yayanki na tsaye yana kallonki. Ba zan ɓoye miki ba, abin ba zai yi masa kyau ba."

"Auta," in ji Yaya. Muryarsa ta sauka ƙasa, ta koma irin wadda yake kiranta da ita in zai raka ta makaranta. "Ni na goya ki a wuyana. In kika sa hannu a takardar nan, ki manta kina da wa."

"Kar ki raba zumunci a kaina," in ji Gwaggo daga bayanta. "Kwana nawa ya rage min?"

Dum!

A cikin ɗakin Gwaggo wani abu ya faɗo ya tarwatse. Auta ta san ƙarar. Madubin nan ne da ake ɗaga ta ta ga kitsonta tana 'yar shekara huɗu.

Ta share fuska da bayan hannu. Ta miƙe, ƙafa ɗaya a gidan ubanta, ɗaya a gidan Gwaggo.

"Ba ni," ta ce wa Lauya.

Lauya ta miƙo biro.

"A'a. Takardar tukuna. Wannan karon sai na karanta."

Ta fara daga layin farko, tana bi da yatsa, kalma bayan kalma, hawaye na ɗiga a kan rubutun. Yaya na faɗin wani abu, ba ta ji. Tana layi na shida ta ji wata ƙara a bayanta, ƙarama, ba ta guduma ba.

Ƙarar sakata.

Ta waiga. 'Yar kujerar ba kowa. Kwalin zannuwa na nan a buɗe, labule mai ruwan toka a ninke a samansa. Ƙofar ɗakin Gwaggo a rufe, daga ciki.

"Gwaggo!"

Dum!